Gidan da Chester Ya Gyara

"Wayar wutar nan ta girme ka," in ji Chester Zielinski, "kuma ba ta taɓa kashe kowa ba."

"Tukuna dai," in ji Ruiz mai gyaran wuta, ko ɗago kai bai yi ba.

Bernie Pawlak tana tsaye a tsakaninsu a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, tana haska musu tocila, yanar gizo-gizo ta lafe mata a gashin da ta biya kuɗi aka gyara jiya. A katinta an rubuta dillaliyar gidaje. Ba a rubuta mai riƙon tocila ba, ko mai rabon faɗa, ko mai sayo wa ma'aikata gahawa da sassafe. Amma wanda ya buga katin bai taɓa shiga gidan Chester ba.

Ruiz ya murɗe wani tsohon fis daga akwatin wuta. Sai ga wani abu ya faɗo, ya gangara a kan siminti, ya tsaya daidai ƙafar Bernie. Kwabo ne, ya ƙone ya yi baƙi ƙirin.

"Mista Zielinski," in ji Ruiz a hankali, "kwabo ka cusa a bayan fis?"

"Fis ɗin ne ya cika mutuwa. Tun da na sa wannan bai ƙara ba."

"Ai aikinsa ke nan, ya mutu don kada ku mutu."

"To ga shi nan da ransa, ga mu nan da ranmu. Ina matsalar?"

Ruiz ya yi wa Bernie kallon nan na ke kika jawo mini. Ita ta jawo masa kuwa. Sai da ta roƙe shi, ta tuna masa cewa ita ta samo wa ƙanwarsa gida, kafin ya yarda ya ajiye wani aiki ya zo. A nan Buffalo, a ƙarshen Nuwamba, samun mai gyara ya fi samun miji wuya, kuma Bernie ta nemi dukansu biyu a rayuwarta, ta san abin da take faɗa.

Chester tsohon ma'aikacin masana'antar ƙarfe ne. Shekara arba'in da wani abu yana cikin gidan nan da matarsa Regina, kuma a tsawon lokacin babu mai gyaran da ya taɓa taka ƙofarsa. Famfo, wuta, gas, rufi, duk Chester ne. Abin da ƙusa ta kasa riƙewa, salatif ya riƙe. Abin da salatif ya kasa, sai a gaya wa Regina kada ta taɓa wajen.

A haka aka zauna lafiya, in wannan sunansa lafiya, har ranar da Regina ta ce gwiwoyinta sun gaji da ƙanƙara, a sayar da gida a koma Arizona, inda ba a sanyi, wurin 'yarsu, in kuma bai yarda ba ta tafi ita kaɗai. Aka kira Bernie, aka kafa allo, aka samu masu saye, wasu yara mata da miji, matar da tsohon ciki. Su kuma suka yi abin da kowa yake yi kafin banki ya saki kuɗi, suka ɗauko mai duba gida. Holcomb sunansa, mutumin da za ka rantse tun ranar da aka haife shi silin asibitin ya fara dubawa. Ya shiga ko'ina da tocilarsa, ya rarrafa, ya sansana, ya tafi ya rubuto rahoto mai kauri, kowane shafi da hoto, kowane hoto da jar kibiya. Kowace kibiya kuwa aikin Chester take nunawa.

Masu saye suka gindaya sharaɗi. A gyara wuta da gas da famfo da matakala, kuma masu lasisi za su yi, da rasit a hannu, ba mai gida ba. Rufi kuwa, tun da ya tsufa, a rage musu kuɗin sabo daga farashi, in ba haka ba sun fasa. Takardar amincewa tana cikin jakar Bernie, tana jiran sa hannun mutum biyu. Wa'adin ya riga ya cika sau ɗaya, ta roƙa aka ƙara, yau kafin a tashi daga aiki yake ƙarewa.

Tun lokacin zafi Bernie ba ta sayar da ko kejin kare ba. Dillali ba shi da albashi, la'ada ce abincinsa, kuma wanda bai sayar ba kafin ƙanƙara ta sauka, sai ya zauna ya jira ta narke. Idan wannan ciniki ya watse, ta riga ta san gidan da za ta sa a kasuwa na gaba, ta san shi ciki da waje. Nata ne, wanda ta yi renon 'ya'yanta biyu a ciki, wanda mijinta ya cika a ɗakin gabansa. Ba ta gaya wa kowa ba. Tsoro dai take ji, tsoro na gaske, irin wanda ke tashin mutum kafin agogo ya tashe shi.

Wayarta ta yi ƙara. Ta danƙa wa Chester tocilar don hannunsa ya samu aikin da ba taɓa waya ba, ta hau sama.

Colton ne, dillalin masu saye, yaro mai haƙora farare tas da bai daɗe da barin makaranta ba.

"Bernie! Ya ake ciki da kakanmu? Ya sa hannu, ko har yanzu yana neman gilashinsa?"

"Ana gama aikin wuta yanzu. Za ka ga takarda kafin ka gama shafa man gashi."

"Madalla. Ni dai ina tuna miki ne, don mutanena sun ga wani gida a layin baya, ya kwanta musu. Ba barazana nake yi ba fa."

"Na sani, ɗana. Barazana sai manya."

Ta kashe wayar. Ta tsaya a bakin taga ta dubi allonta a farfajiya, da hotonta a jiki tana murmushi, hoton da aka ɗauka tun tana da wuya guda ɗaya. Ta dubi ciyawar da ke gindin allon, inda Waliyyi Yusufu yake kwance yana aikinsa.

Al'adar unguwar ce, kowa ya tashi ya tarar da ita. Mai son sayar da gida zai samo ɗan mutum-mutumin Waliyyi Yusufu, ya binne shi kusa da allo, kansa ƙasa ƙafafu sama, wai don zaman ya dame shi ya hanzarta kawo mai saye. In ciniki ya faɗa, sai a tono shi, a wanke, a ba shi wuri mai daraja a sabon gida. Bernie katan-katan take sayen su, na roba, masu arha, tana bai wa duk wanda ya ba ta gida, har da waɗanda ba su san hanyar coci ba. "Bai taɓa ba ni kunya ba," haka take cewa kowa, da muryar da take cewa ɗaki mai duhu yana da sirri. Ita kanta ba ta yarda da abin ba ko kaɗan. Amma ranar da ta miƙa wa Regina nata, tsohuwar ta juya shi a hannu ta ce, "Na san inda zan sa shi," kuma ba a daɗe ba masu saye suka bayyana. Ranar kam Bernie ta kusa kunna kyandir a coci.

A kicin ta tarar da Regina tana naɗe pierogi, tana cusa dankali da cuku a cikin kwaɓin fulawa tana matse bakin da yatsa. 'Yar tsohuwa ce ƙarama, ƙawar marigayiya mahaifiyar Bernie, kuma ita kaɗai ta rage a duniya da ke kiranta da cikakken sunanta. A kan kantar da ke bisa murhu waliyyai ne ƙanana cunkushe, na roba da na tangaran, kamar masu jiran bas. A bakin famfo kuma ga safar hannu ta roba mai ruwan ƙwai, wadda Regina ba ta taɓa kan famfon sai da ita, saboda duk lokacin da injin wanki yake aiki a ƙasa, famfon kicin jan mutum yake yi da wutar lantarki. Chester ya ce wannan ba komai ba ne, yana taimaka wa jini gudu.

"Zauna, Bernadette, kin yi zuru-zuru. Sun kashe juna ne a ƙasan?"

"Saura ƙiris. Ruiz ya samu kwabo a bayan fis."

"Guda ɗaya? Ya ƙara dubawa."

Bernie ta zauna. Gaskiya in ba don Regina ba da tuni cinikin nan ya mutu. Ƙa'idar Bernie tun da ta fara sana'a ita ce, kada mai gida ya kashe ko sisi a gyara sai kowa ya sa hannu. Regina ce ta sa ta karya ta. "Ni na san kayana," ta ce mata a ranar da rahoto ya zo. "In kika ba shi takarda yanzu, yaga ta zai yi. Ki kawo ma'aikata su gama tukuna, ni zan biya daga ajiyata. In ya ga an riga an yi, me kuma zai ƙi?" Da Bernie ta tambaya ta yaya Chester zai bar su su shigo, sai tsohuwar ta ce, "Ki ce masa yaran nan suna zaton ya so ya cuce su."

Haka ta faɗa masa kuwa, kuma kamar an taka wutsiyar kyanwa. "Ni? Ni Chester Zielinski in cuci mai ciki? Kawo su! Kawo masu lasisin, mu ga abin da lasisi ya iya!"

Daga nan Bernie ba ta ƙara sanin hutu ba. Ta nemo mai famfo, ta nemo kafinta, ta yi musu layi don kada su taka juna, ta karɓi rasit ta ɗauki hoto, ta tsaya tsakanin kowannensu da Chester kamar shinge. Kafinta ya kafa ƙarfen riƙewa a matakalar ɗakin ƙasa, wadda Regina ta faɗo daga kanta shekarun baya har ta samu ɗingishin da take yi yanzu. Tun daga faɗuwar nan ba ta ƙara sauka ba. Chester ne yake wanki, shi ya sa duk fararen kayan gidan suka koma kalar toka. Mai famfo kuwa jiya ya shafa ruwan sabulu a bututun gas da ke bayan murhu, sai ga kumfa tana tashi kamar ana wankan jariri.

"Shekara nawa ina cewa ina jin wari," Regina ta ce a lokacin, ba tare da ta dubi kowa ba.

"Kabejinki ne," in ji Chester. "Har yanzu ina nan a kan bakana, rabin warin kabeji ne."

Rana ta karkata sosai kafin Ruiz ya hauro, yana goge hannu. Ya miƙa wa Bernie rasit, da kwabo uku a tafin hannunsa.

"Na gama. Komai sabo, komai bisa doka. Misis Zielinski, na rantse ban san wanda yake tsaron gidan nan ba, amma ya sha aiki." Ya juya wurin Bernie. "Ke kuma, bashin ƙanwata ya biya. Kada ki ƙara kirana sai in biki ne."

Chester ya biyo bayansa rungume da katan, cike da tsofaffin wayoyin da aka cire, ya naɗe kowace da kyau kamar za a kai ta kasuwa. Ya ajiye katan ɗin a ƙasa, ya zauna a teburin kicin da nauyi. Bernie ta fito da takarda ta shimfiɗa, ta ɗora biro a kai, ta shirya jawabin da ta yi ta maimaitawa a mota: cewa rufin ya yi ƙoƙari, cewa ba laifin kowa ba ne, cewa ko rufin coci ana sakewa.

Bai bari ta fara ba. Ya sa gilashi, ya bi layukan da yatsa, bakinsa yana motsi.

"An ce gidajen Arizona ba su da ɗakin ƙasa," ya ce.

"Yawancinsu ba su da shi," in ji Bernie.

"To ina mutum yake ajiye kayan aikinsa?"

Bernie ta nuna masa inda zai sa hannu. Ya ɗauki biro ya sa hannu, a hankali, harafi bayan harafi, yadda mutanen zamaninsa suke yi. Ya cire gilashin ya daɗe yana goge shi da gefen riga, alhali babu abin da ya same shi.

"Ga shi nan, Reggie. Kin samu Arizonarki." Ya tashi ya sunkuci katan ɗinsa. "Waya ce mai kyau. Za ta yi amfani a can." Ya fita ta ƙofar baya zuwa gareji.

Hankalin Bernie ya kwanta. Dutsen da ta yi makonni tana turawa ya gangara da kansa. Har ta fara tausayin tsohon, yanzu da tausayi ba zai ci mata komai ba. Ta juya takardar, ta tura wa Regina biro.

"Saura ke, sai in tura wa yaron nan kafin ya haɗiye harshensa."

"Ina zuwa," in ji Regina.

Ta goge fulawar hannunta, ta nufi ƙofar ɗakin ƙasa. Ta kama sabon ƙarfen, ta jijjiga shi, ta ga bai motsa ba. Sai ta fara sauka, ƙafa ɗaya, ta jawo ɗayar, har ta ɓace. Bernie ta dubi agogo, ta dubi takarda. Can sai ta ji injin wanki ya tashi. Tsohuwar ta hauro tana haki, fuskarta ta yi ja, ta wuce kai tsaye bakin famfo. Ta ɗauki safar roba ta dube ta, ta jefa a kwandon shara. Ta kama kan famfon da hannunta tsirara ta murɗa.

Ruwa ya zubo. Ta tara hannuwanta biyu a ƙarƙashinsa, ta tsaya haka nan, ta ba Bernie baya, kafaɗunta suna ɗan motsi. Ta daɗe kafin ta rufe.

"Bernadette," ta ce, "ba zan sa hannu ba."

Bernie ta yi dariya, don ta ɗauka wasa ne. Da ta ga tsohuwar ba ta taya ta ba, sai dariyar ta maƙale.

"In rufin ne, ai mun yi magana. Ragin ba shi da yawa, kuma..."

"Mutumin nan mai tocila ya ce rufin zai ƙara shekara biyar. Mu ma ba mu wuce haka ba. Mun dace da juna."

"Regina, in ba ki sa hannu ba sun fasa. Yau. Yanzu."

"Na ji lokacin da kika faɗa."

Idon Bernie ya rasa inda zai sauka, ya sauka a kan kantar da ke bisa murhu. Ta shiga kicin ɗin nan ya fi a ƙirga, ta sha gahawa a ƙarƙashin kantar nan, amma sai yanzu ta gan shi. Waliyyi Yusufu ne, yana tsaye a layin baya, tsakanin gwangwanin gishiri da wata waliyyiya mai shuɗin mayafi. Na roba, mai arha, irin na katan. Ta miƙe ta ɗauko shi. Tsaf yake, ko ƙwayar ƙasa babu a jikinsa, har takardar farashi tana nan manne a ƙasan ƙafarsa.

"Ba ki binne shi ba."

"Haba, Bernadette. In tusa kan bawan Allah a ƙasa cikin wannan sanyi? Me ya yi mini?"

"Tun farko ba ki da niyyar sayarwa."

"Arizona!" Regina ta ja kujera ta zauna. "Me zan yi a Arizona? In zauna a ɗakin baƙin surukina ina kallon duwatsu? A nan aka yi mini baftisma, a nan zan mutu. Amma ina so in mutu a kan gadona, ba a bakin famfo ba."

"Sai ki yi amfani da ni."

"Na yi." Ba ta sunkuyar da kai ba. "Na roƙi mutumin nan da daɗi, na roƙe shi da kuka. Na faɗo daga matakala, yana zaune a gefen gadona a asibiti yana kuka, yana cewa takalmina ne. Yana sona, kada ki ce ba ya sona. Amma in na ce waya ta lalace, abin da yake ji shi ne na ce shi ya lalace. Sai ga wani baƙo da tocila ya rubuta a takarda, da hoto, sai ga wasu yaran da bai ma san sunansu ba. Saboda su ya bar masu lasisi suka shiga ko'ina. Saboda kada baƙo ya ce ya yi cuta. Ni da na haifa masa 'ya, na wanke masa kaya shekara arba'in, kabeji ne rabona."

Ran Bernie ya ɓaci, ɓacin da ta manta tana iyawa. Ta tuna roƙon da ta yi wa Ruiz, da wanda ta yi wa Colton, yaron da ta girmi uwarsa. Ta tuna man motar da ta ƙona, da ƙa'idarta da ta karya da hannunta tana yaba wa tsohuwa wayo. Ashe wayon ya fi inda ta tsaya yabo.

"Kin san abin da cinikin nan yake nufi a wurina?"

"Na san na ci lokacinki, kuma Allah ya ga zuciyata, da nauyi na yi. Amma ke ai kin yi nisa, 'yar nan. Hotonki har a bencin tashar bas. Kullum na wuce sai na ce da ma mahaifiyarki ta ga wannan. Gida ɗaya a wurinki mene ne?"

Bernie ta dube ta. Bencin nan wata mai zuwa za a liƙa hoton wani a kai, wataƙila mai fararen haƙora. Saura kaɗan ta gaya mata cewa nata gidan ne zai shiga kasuwa. Shekara da shekaru tana koya wa garin nan cewa ita ba ta san asara ba, ga shi an samu wadda ta koyi darasin da kyau.

Suka ji ƙarar ƙofar gareji. Regina ta kamo hannunta, hannun tsohuwar har yanzu da danshin ruwa.

"In kika gaya masa, shi ke nan. Ba zai ƙara kwana a gidan da matarsa ta mai da shi abin dariya ba. Zai ce a sayar ko da kyauta ne, ni kuma zan sa hannu, don ba zan iya kallon idonsa ba. Kin ga biro, kin ga ni. Yana hannunki."

Chester ya shigo yana buga ƙafa a tabarmar ƙofa, hancinsa ya yi ja. Ya dubi matarsa, ya dubi Bernie tsaye riƙe da waliyyi, ya dubi takarda.

"Me ya faru? Wa ya mutu?"

Kalmomi kaɗan ne. Bernie ta san su, har ta jera su. In ta faɗa, sai ta karɓi sa hannu, ta tura, ta koma gidanta ta yi barci har agogo ya tashe ta. A ƙasa injin wanki yana ta juyawa. Ta dubi kwandon shara, inda yatsun safar roba suka leƙo waje.

Ta ninke takardar ta sa a jaka.

"Masu saye sun janye, Mista Zielinski. Yanzun nan. Sun ce rufin ya ba su tsoro."

"Rufina?" Muryarsa ta cika kicin. "Rufin da na hau da ƙafata na buga da hannuna? Kai! Yaran zamani! Su je su sayi kwali su zauna a ciki!" Yana faɗa yana zagaye teburi, yana dukan bayan kujeru, kuma duk wanda yake da ido zai ga mutumin nan bai yi farin ciki irin wannan ba tun ranar aurensa. Can ya tuna, ya tsaya, ya sassauta murya. "Reggie, ki yi haƙuri. Na san kin ƙwallafa rai."

"Ba komai, Chet. Haka Allah ya so."

"In ƙanƙara ta narke zan hau in duba rufin da kaina."

"In ka hau, na tafi Arizona," in ji Regina, ta tashi ta ɗora tukunya.

Ba su bar Bernie ta fita hannu sake ba. Regina ta cika mata roba da pierogi, ta rako ta har bakin ƙofa. Da Bernie ta miƙa mata waliyyin, sai ta mayar mata da shi cikin tafin hannu ta rufe yatsunta a kai.

"Tafi da shi. Sabo ne, ban taɓa shi ba. Ki bai wa mai bukata."

Bernie ta cire allonta daga farfajiya ta jefa a bayan mota. A hanya ta kira Colton ta gaya masa. Ya ce kash, abin bai yi masa daɗi ba sam, kuma tana jin sa yana buɗe ƙofar motarsa zai tafi layin baya.

Ƙanƙarar farko ta fara sauka lokacin da ta isa gida, 'yar siririya, irin wadda ba ta kwanciya. Ta tsaya a farfajiya ta ƙare wa gidan kallo da idon Holcomb. Indararon ya karkace. Matakalar gaba ta tsage. A sama akwai bokitin da ta ajiye tun bara, ita kaɗai ta san yoyon da yake tarewa. Ta san inda kowace jar kibiya za ta faɗa.

Ta fito da allon ta kafa a gefen hanya, matar da ke jikinsa tana ta murmushinta. Ta shiga gareji ta ɗauko ɗan shebur na shuka furanni, ta durƙusa da kwat ɗinta mai kyau. Ƙasar ta fara daskarewa, sai da ta haɗa da hannu biyu kafin ramin ya samu. Ta ɓare takardar farashin da farce.

"Kai kam ka huta," ta ce masa. "Kana kicin, ana girki kana shan ɗumi. To hutu ya ƙare."

Ta juya shi, kansa ƙasa, ta sa a ramin. Ta mayar da ƙasa, ta miƙe da ƙyar, ta danne wurin da takalmi.